Kiran Yari na Bakin Rijiya

Dutsen farko ya faɗo kan kwanon gidan su Mukhtar ne ran wata Laraba, ana tsakiyar kiran sallar magariba. Inna Lubabatu tana alwala, ƙanwarsa Na'ima tana kwashe shanya. Na biyu ya biyo, sai na uku. Daga nan shiru, irin shirun da ko kaji ba sa motsi.

Mukhtar yana masallaci lokacin. Shi ne ya rubuta wa 'yan kasuwar albasa na Illela manhajar da ke sanar da mutum da murya cewa motar kayansa ta ƙetaro daga Nijar, don da yawansu ba sa karatun boko. A makon nan ya sabunta ginshiƙin da aka gina manhajar a kai, sai gwaje-gwajen da ke tabbatar masa komai na aiki suka watse. Talatin da bakwai daga cikinsu suka koma ja, alamar sun faɗi. Matsalar tana cikin abin da masu sana'ar ke kira mok: abin bogi da ake ajiyewa a madadin na gaske, kamar mutum-mutumin gona, don gwaji ya yi aikinsa ba tare da an kira kowa ba. Kullum da yamma sai ya ɗan gyara, ya saki gwajin ya yi ta gudu, ya tafi salla.

Kwana huɗu ana jifa. A na biyar Inna ta ce ta ji muryar mace can ƙasa-ƙasa ta wajen tsohuwar rijiyar da aka rufe a bayan gida, tana maimaita magana ɗaya. Bayan katangar nan gidan Rakiya ne, Bafulatana mai nono, wadda suka taɓa sa-in-sa da Inna kan wata akuya.

"Ita ta," in ji Inna. "Tun da munka yi faɗan nan ba ta gaishe ni da zuciya guda ba."

Aka daina sayen nononta. Rakiya ta lura, ta daina tsayawa ƙofar. Mukhtar kuwa yaran unguwa ya zarga, ya kwana biyu yana kallon kowane yaro da ido ɗaya. Har Na'ima sai da ya zarga, ganin ba ta firgita kamar kowa.

Ran wata Litinin ya dawo daga masallaci ya tarar da ita zaune a kan murfin rijiyar, ƙafafu a miƙe, tana kallon bango. Ya kira sunanta. Ta juyo a hankali, da muryar tsoho ta ce, "Ina kayana?"

Washegari bayan la'asar aka ɗauko Malam Sahabi daga Gidan Katta. Dattijo ne marar yawan magana. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya dafa kan yarinyar, ya yi ta karatu har inuwar katanga ta rufe tsakar gida. Sai jikinta ya sandare.

"Wa ke nan?" in ji Malam.

"Wanda anka kira."

"Wa ya aiko ka? Maƙwabciya ce?"

Aka yi wata busasshiyar dariya. "Mi ya gama ni da mai nono? Daga gidan ga aka kirana. Kullum rana ta faɗi: Yari na Bakin Rijiya, fito, kayanka sun iso. Sau talatin da bakwai. In fito, ba kaya, ba mai kira. Shekara nawa ina kwance ban taɓa kowa ba?"

Nan take Mukhtar ya gane. Sunan nan shi ya rubuta shi cikin gwaji, a matsayin ɗan kasuwar bogi. Da can mok ɗin ne ke haɗiye muryar. Da ya lalace, sai saƙon ya riƙa fita na gaske, ta ƙaramar lasifikar da ya manta a ɗakin ajiya, jikin rijiyar, har yanzu haɗe da kwamfutarsa.

"Malam," ya ce, "ni ne."

Inna ta dube shi kamar ba ita ta haife shi ba.

"Ka ji," in ji Malam ga mai maganar. "Kuskure ne na ɗan Adam. Ka fita daga jikin ɗiyar mutane."

"A ba ni kayan da anka yi mini alkawari."

"Babu kaya, kuma ba a yi maka yanka a gidan Musulmi. Abu guda za ka samu: ba a sake kiranka."

"In ga an share sunan. Da idon ga."

Mukhtar ya ɗauko kwamfutar ya durƙusa gaban ƙanwarsa. Ya goge sunan duk inda yake. Ya bi sabon tsarin layi-layi, ya gano inda aka sauya hanyar fitar murya, ya mai da mok ɗin can. Idanun da ba na Na'ima ba suna bin yatsunsa. Ya saki gwajin. Kowa ya kasa kunne ga ɗakin ajiya. Jajayen suka riƙa komawa kore ɗaya bayan ɗaya, lasifikar ba ta ce uffan ba.

Na'ima ta yi atishawa sau uku, ta ɓingire a jikin Inna, ta ce da muryarta, "Inna, ƙishirwa."

Inna ta ba ta ruwa, sannan ta yafa mayafi ta ɗauki ƙwarya ta nufi gidan Rakiya sayen nono.

Mukhtar ya raka Malam bakin titi. Ya yi ta ba da haƙuri, yana cewa suna ne kawai da ya ƙirƙira, farkon abin da ya faɗo masa a rai. Dattijon ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan babur, ya daɗe yana kallonsa.

"A ina kake zaune ran da sunan ya faɗo maka?"

Sai Mukhtar ya tuna. Ran nan zafi ne ya kore shi daga ɗaki, ya fito neman inuwa a bayan gida, ya zauna a kan murfin rijiyar.