Kukar Tagwaye a Jikin Katanga

Ranar da Ummulkhairi ta fara ganin Suhaibu, tana zagaya kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ne riƙe da gwangwanin gidauniya. Ƙungiyar matasan garinsu ta yanke shawarar zana tsohon ƙauyensu, Kukar Tagwaye, a jikin katangar makarantar firamare. Ita aka ɗora wa neman gudummawa, saboda malama ce a makarantar, kuma ba ta jin nauyin tunkarar mutane.

A bayan wata babbar mota da ake wa lodin kwanduna ta tsaya cak. Wani siririn saurayi yana kan tsani yana yi wa motar zane: kukoki biyu manne da juna, rijiya a gindinsu, ɗaya kukar ta karkata kamar mai leƙa ruwa. Haka kakarta, marigayiya Inna Zuliha, take kwatanta su, har da karkatar.

Ta yi masa sallama, ta tambaye shi inda ya ga waɗannan kukoki.

Ya sauko yana goge hannu da tsumma. "A bakin kakana na gan su," in ji shi. "Rugarsu tana bayan ƙauyen. Yanzu idonsa ya tafi, amma kullum sai ya zagaya da ni garin a cikin labari."

Ta daɗe tana kallonsa, har sai da ya sunkuyar da kai yana murmushi. Kafin ta bar wurin ta karɓi lambarsa, ta ce saboda aikin ƙungiya ne. Shi ma ya ce ai ya sani.

Babu sauran Kukar Tagwaye a doron ƙasa. A shekarun da aka haƙa kanal na noman rani aka tashi ƙauyen, aka mayar da mutanensa kan tudu, wurin ya koma gonakin shinkafa. Ruwa ya kawo arziki, wannan babu mai musu. Amma har yau idan tsofaffi za su ratsa ta wajen sukan rage murya, wasu su yi sallama alhali babu kowa sai balbela.

A taron farko liman ya ce ba ya hana aikin, da sharaɗin kada a zana fuskar mutum. Aka amince za a zana gidaje, rumbuna, rijiya, masallaci da burtalin shanu, aka ba Suhaibu aikin. Gudummawa ta fara shigowa a hankali. Mata suka riƙa aiko da kwanon shinkafa, manoma suka ware kwandon tumatir a sayar, 'yan gari da ke Legas da Abuja suka buɗe zaure a waya suna turo abin da ya samu.

Da yamma su biyun sukan bi gidajen tsofaffi tare da wata ƙawarta. Ummulkhairi tana naɗar murya a waya, Suhaibu yana zane da gawayi. Wata tsohuwa ta lissafa musu gidajen layinsu ɗaya bayan ɗaya, da ta kai ƙarshe ta lura ita kaɗai ta rage a cikin waɗanda ta ambata, sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Bayan magariba saƙon Suhaibu ya shigo wayar Ummulkhairi:

"Khairina, yau na ji tsoron aikin nan. Ina zana gari babu mutane, amma ina jin motsinsu a bayana. Da ba ki tsaye kusa da ni da na ajiye gawayin."

Ta karanta ta sake karantawa, domin ranar ya fara kiranta da wannan suna. Ta amsa:

"Kada ka ajiye, Sahibina. Ni ma ina jin su. Ina ganin so suke a san sun taɓa zama a nan. Ka ci abinci kuwa?"

Mutum ɗaya ne bai taɓa buɗe baki kan Kukar Tagwaye ba, shi ne mahaifinta, Malam Datti. Yana yaro aka tashe su. Da Ummulkhairi ta roƙe shi ya kwatanta gidansu na da, sai ya miƙe ya ɗauki buta. Da mahaifiyarta ta sanar da shi cewa mai zanen yana son turo magabatansa, ya ce ba da yawunsa ba. Ya ce mai shafa fenti a jikin motoci ba shi da abin riƙe iyali, kuma yaron da ke tono abin da ƙasa ta rufe ba zai shigo masa gida ba.

Ummulkhairi ta yi kuka a ɗakin mahaifiyarta. A nan uwar ta gaya mata abin da ba a faɗa a gidan. Malam Datti yana da ƙanwa mai suna Saliha. A shekarar da suka tashi, yarinyar ba ta gane an bar tsohon gida ba, kullum sai ta kama hanyar komawa. Wata safiya ta fita da 'yar ƙwaryarta, ranar kuwa an saki ruwa a sabon kanal. Ƙwaryar kawai aka tsinta a bakin gada. Shekara da shekaru Inna Zuliha tana zuwa wajen duk yamma tana kiran sunanta, ɗanta Datti ne ke zuwa ya riƙo hannunta su dawo. Tun da tsohuwar ta rasu bai sake bi ta gadar ba, gara ya yi dogon zagaye zuwa gona.

Ummulkhairi ta tuna yadda kakarta kan yi shiru a tsakiyar labari ta karkata kunne waje. Sai yanzu ta gane abin da take saurare.

Ana cikin haka fenti ya ƙare, katanga ta tsaya a rabi. Sai ga Taufiq, wanda mahaifinsa ke da injin casar shinkafa a Kura. Ya daɗe yana neman Ummulkhairi, Malam Datti kuma yana ganin mutuncin gidansu. A gaban ƙungiya ya ce zai ɗauki nauyin aikin gaba ɗaya, amma a shafe wannan zanen hannun, a bugo babban hoto daga Kano a manna, da sunan injinsu a sama. Wasu matasan suka fara tafi. Bayan taro ya matsa sai ya rage mata hanya, ta shiga motar don kada ta kunyata shi a gaban mutane.

Suhaibu yana kan tsani ya ga wucewarsu. Kafin magariba labari ya iske shi cewa an karɓe aikin, kuma an kusa sa ranar malama da Taufiq. Ya tattara burusansa ya koma rugar kakansa Hammadu a bayan Bunkure, ya tura mata saƙo:

"Allah Ya sa hakan ya fi alheri. Ba ni da mota, ba ni da inji. Na gode da kwanakin da kika ba ni."

Ta kira, ta sake kira, bai ɗauka ba. Sai ta rubuta:

"Ashe haka ka ɗauke ni? A cikin motar na gaya masa ba na sonsa, kuma ba za a manna tallan shinkafa a kan gidajen iyayenmu ba. Idan ka gudu, ni da su ka bari a tsaye. Ka dawo, Sahibina."

Suhaibu ya karanta wa kakansa saƙon, don ba ya ɓoye masa komai. Tsohon ya lalubo sandarsa, ya ce a kai ɗan marakinsa kasuwar Bunkure a sayo fenti, shi kuma Suhaibu ya tashi ya ba yarinyar mutane haƙuri. Da tsofaffin gari suka ji makaho ya sayar da maraƙi, suka ce ba za a bar su a baya ba, kowa ya kawo tasa gudummawar. Ƙungiya ta yi wa Taufiq godiya ta mayar masa da tayinsa.

Suhaibu ya dawo, ya tsaya a ƙofar ajinta kansa a ƙasa. Ta bar shi a tsaye har aka tashi tara, sannan ta ce ta yafe, amma kada ya ƙara yanke mata hukunci da maganar bakin hanya.

Wata safiya da sassafe yana aiki shi kaɗai ya ji mutum a bayansa. Malam Datti ne, da fartanya a kafaɗa. Suhaibu ya sauko da sauri ya durƙusa. Idon dattijon na kan katanga. Ga garin nan shimfiɗe, ƙofofi a buɗe, tukwane a kan murhu, babu ko mutum ɗaya, kamar yanzu aka fita za a dawo.

Ya daɗe a tsaye. Can ya ɗaga hannu, ya nuna wani gida kusa da masallaci.

"Wa ya ce maka nan ƙofar take? Gabas take kallo."

"A gafarce ni, Baba. Babu wanda ya tuna."

"Ni na tuna."

Ya ajiye fartanya, ya karɓi gawayi ya ja layin ƙofar da kansa. Ya nuna inda turmi yake, da inda akuya take kwana. Yana magana hawaye na bin gemunsa bai share ba. Daga ƙarshe ya taɓa dokin ƙofar ya ce, "A nan ka sa 'yar ƙwarya ƙarama. Ka rubuta Saliha a ƙasa. Gida take ta nema, ka mayar min da ita gida."

Suhaibu ya zana ƙwaryar a gabansa. Da ya gama, Malam Datti ya ɗauki fartanyarsa, ya yi 'yan taku, ya tsaya ba tare da ya waiwayo ba. "Ka ce wa Hammadu ya turo. Mun sha ruwan rijiya ɗaya da shi."

Bayan girbin shinkafa aka buɗe zanen, mako na zagayowa aka ɗaura aure. Tsofaffi suka yi ta jan jikoki zuwa katanga suna nuna musu ɗakin da aka haife su. Taufiq ma ya halarci ɗaurin auren, ya yi wa ango musabaha.

Bayan la'asar aka ɗauki amarya. Hanyar gidan ango ta kan gadar kanal ta bi, da motar ta iso sai direba ya taka birki. Malam Datti ne tsaye a kan gadar cikin farar rigarsa, ya ɗaga hannuwa yana addu'a, ruwa na wucewa a ƙarƙashinsa. Ummulkhairi ta ɗage mayafi ta ce, "Baba."

Ya shafa addu'a, ya matso jikin taga ya ɗora hannu a kanta.

"Na zo na yi wa gwaggonki sallama ne, na gaya mata yau ina kai 'yata ɗaki. Je ki, Ummulkhairi. Allah Ya yi miki albarka, ke da mijinki. Allah Ya zaunar da ku gida ɗaya har tsufa, kada Ya tashe ku."

Matan cikin motar suka amsa da amin. Ya ja da baya ya ba su hanya, motar ta haye gadar a hankali.