Roba Mai Ƙuraje

Ranar Lahadi da rana, a gidan iyalin Szeto da ke garin Markham a Kanada, tururin kifi da citta ya cika ko'ina. Kin-Ho yana ƙarshen teburin cin abinci yana shafa gam a raket ɗin Pui-Shan, yarinyar da zai aura, 'yar wasan ƙwallon tebur a ƙungiyar mata ta ƙasa. Shekara huɗu ke nan ba mai manna mata roba a fuskar raket sai shi.

"Kwashe min wannan warin daga gaban abinci!" in ji Mama, mahaifiyarsa, daga kicin.

Kafin ya kwashe sai ga yayansa Raymond, ma'aikacin banki. Shi ma ya yi wasan da ƙuruciya a hannun marigayi babansu. Ya ɗauki raket ɗin ya juya shi.

"A'a! Roba mai ƙuraje a baya? Pui-Shan mai fasa ƙwallo ce za ta koma tare-tare kamar tsohuwa?"

"Ajiye, Yaya, bai kama ba."

"Ciwon wuyan hannu take yi ko?"

Kin-Ho ya karɓe raket ɗin ya kau da kai, Raymond kuwa ya gane. Ciwon nan daga ita sai shi sai koci suka sani.

Akwai wata kasuwar caca a waya inda ake sayen "E" ko "A'a" a kan abin da bai faru ba tukuna. Ranar Asabar ƙungiyar su Pui-Shan za ta kara da wata ƙasa a Toronto, kuma kowa yana ganin za su ci. Kafin Talata wani ya zuba dala dubu goma sha takwas a kan "A'a", wato ba za su ci ba, farashi ya rikito. Masu sa ido kan wasanni suka bi sawu. Asusun yana ɗauke da sunan Kin-Ho.

Ranar Alhamis Pui-Shan ta tsaya masa a ƙofa, ta ƙi shiga.

"Nawa ka sayar da hannuna?"

"Wane irin sayarwa? Me ya faru?"

"Sun ce ni na ba ka labari mu raba kuɗi! Koci ya ce in ba a wanke ni ba kafin ƙarfe ɗayan Asabar, lokacin miƙa jerin 'yan wasa, babu sunana. Daga nan sai dakatarwa. Tun ina shekara shida nake tsaye a gaban tebur, Kin-Ho!"

"Ki saurare ni, don Allah —"

"Kar ka taɓa ni!" Ta cire zoben ta dire masa a kan akwatin takalma, ta juya tana kuka.

Sai a lokacin ya tuna: bara Raymond ya ari lasisin tuƙinsa, wai zai yi masa wata rajista. Ya kira shi. Raymond ya zo gidan da gudu, fuska duk gumi.

"Sori, ƙanena. Wurin aiki sun hana mu irin wannan, shi ya sa na sa sunanka. Ban zaci za su duba ba. Ƙwallon tebur fa! Wa yake kallo?"

"Gobe za ka je ka faɗa musu."

"Ka haukace? Korata za a yi!"

Mama ta zaunar da su a ƙarƙashin hoton babansu, inda take kunna turare kullum.

"Kin-Ho, yayanka yana da 'ya'ya biyu. Kai ba ɗan wasa ba ne, ba abin da za su ƙwace maka. Ka ce kai ne."

"In na ce ni ne, Mama, ita ta mutu. Wa zai yarda ba ita ta gaya min ba?"

"Yarinya ce, ta yi haƙuri shekara ɗaya ko biyu. Mata sun ƙare ne? Yaya fa guda ɗaya gare ka!"

"Ƙarya kike so in yi a gaban hoton Baba?"

Tas! Ta wanke shi da mari, sannan ta fashe da kuka. Kar ku yi saurin zaginta. Ni ma mai ba ku labarin nan na binne miji, na san yadda mace take ƙanƙame abin da ya rage mata har ta daina ganin kowa.

Juma'a ta wuce Raymond bai je ba. Asabar da safe Kin-Ho ya jira shi a mota har ƙarfe goma sha ɗaya. Bai zo ba, wayarsa a kashe. Mama ta fito da silifas ta tsaya a bakin gareji.

"In ka tafi, kar ka dawo min gida."

Ya tafi. Sha biyu da rabi yana gaban jami'an binciken a wani ɗaki bayan filin wasa, ya faɗi komai: raket, roba, lasisi, sunan yayansa. Suka rubuta, suka ce bincike ba aikin minti talatin ba ne. Ƙarfe ɗaya ta buga, aka miƙa jeri babu Pui-Shan. Daga can sama cikin 'yan kallo ya hango ta a benci cikin rigar ƙasa, hannu a cinya, har aka cinye su uku da ɗaya. Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Wata huɗu ya yi a ɗakin haya a ƙasan wani gida. Mama ba ta ɗaga wayarsa, Pui-Shan ma haka. Raymond ya rasa aikinsa, ya koma tuƙa motar kai kaya. Kin-Ho bai roƙi kowa ba. Duk takardar da aka nema ya kai, duk kiran da aka yi ya amsa.

Ranar da hukunci ya fito aka wanke Pui-Shan tas, ita da kanta ta ƙwanƙwasa masa ƙofa. A bayanta Mama ce, rungume da tukunyar miya.

"Wurin atisaye ta same ni," in ji Pui-Shan, idonta jawur. "A gaban koci da kowa ta sunkuyar min da kai ta nemi gafara. Raymond ne ya kawo ta."

Mama ta leƙa ɗakin ta taɓe baki. "Dubi yadda ya rame! Ku matsa in wuce, miya tana hucewa."

Da bazara aka yi bikin. Pui-Shan ta durƙusa ta miƙa wa surukarta shayi bisa al'adarsu, tsohuwar ta karɓa da hannu biyu, hawaye suna zuba cikin kofin.

To, ku yara masu danna waya, ku ji: bayan kowane "E" da "A'a" akwai mutum mai jini a jika. Kuma wanda ya ce ka cuci bare don ka rufa wa gida asiri, gidan yake rushewa. Kin-Ho ya zaɓi gaskiya, ya rasa kowa na wata huɗu, ya jure, sannan duk suka dawo masa.