Kwanon Zulai a Hawa na Uku

Ku matso, wutar nan ba yau za ta dawo ba. Kun dai san ni ban cika yarda da zancen aljanu ba. Yadda na ji zan faɗa muku.

Zulai, ƙanwar wani abokina, a gidan haya ta tashi a Zariya. Ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya. Ka yi tari a ɗakinka, sai ga citta an aiko. Da mijinta Mansur ya sami aiki a Abuja, suka tare a bene, hawa na uku. Can kowa da ƙofarsa ta ƙarfe. Ta yi wa wani sallama a matakala, ya dube ta kamar ta taka shi.

Mansur kullum yana wurin aiki. Ita kuwa ba ta son komai sai wanda zai amsa mata magana.

Wata la'asar ta zuba dambu a kwano, ta ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon tasu. Mansur ya taɓa ce mata, "Nan ba a haka." Ba ta ji ba.

Wata mata ta buɗe. Muryarta kamar daga cikin tankin ruwa.

"Ke, kina ganina?"

"Ikon Allah! Hajiya, ba ga ki ba?"

"Da a tsamiya muke, aka sare. Bene ya fi rufin asiri. Ba mai tambayar wani."

Da matar ta karɓi kwanon ta juya, Zulai ta lura yatsun ƙafarta baya suke kallo. Ta ce a ranta lalura ce. 'Yar mutunci ce, ba ta sake duba ba.

Kun san ba a mayar da kwano ba komai. Washegari ga shi a bakin ƙofa, cike da dabino. Ta ci.

A'a, Jamila, ba ta mutu ba. Da ma hakan ne.

Mansur ya dawo. Ta ce, "Sannu da zuwa." Ya wuce ta gabanta, ya leƙa ɗaki yana kiran sunanta. Ta riƙe masa riga. Ya fizge, kamar ƙusa ce ta kama shi.

Ya bi ƙofa-ƙofa yana cigiya. Maƙwabta suka ba shi haƙuri, suka ce ba su ma san yana da mata ba. Maigadi ya ce gidan da ke kallon nasu ba a taɓa kama shi haya ba.

Daga baya Mansur ya kwashe kayansa. Ta biyo shi. An ce duk saukar da ta yi, a hawa na uku take tsintar kanta.

Ni na fi zaton guduwa ta yi. Amma kada ɗayanku ya hau matakalar bene shi kaɗai. In kun ji sallama a hankali kusa da kunnenku, kuka waiga ba kowa, kar ku amsa.

Ba zai yi muku wuya ba. Kowa a bene haka yake yi.