Zakaran Fingi na Dada Jebba

Yammar da abin ya fara ba ta bambanta da sauran yammacin Pitowa ba. Rana ta sauka bayan duwatsu, shanu sun shige gari, hayaƙin murhu ya kwanta ƙasa-ƙasa a kan danga. A tsakar gida Direkta Hamajoda yana wasa wuƙa a kan dutse, a hankali, yana gwada kaifinta da babban yatsa.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana riƙe da makarantar firamare, bai taɓa waiwayar akurkin matarsa ba. Da ya ajiye aiki ya rasa wanda zai gyara, sai idonsa ya faɗa kan kaji. Abin da ya gani ya ba shi takaici. Zakaru shida a kan kaji goma sha huɗu, suna cinye dusa, suna tsige bayan kajin, ba ƙwai ba amfani. 'Yan tsaki kuma sun saki fukafukai suna gyangyaɗi, kashinsu fari ya manne musu. Maganin da ake ba su, wai barkono da ɓawon maɗaci a cikin ruwa. Ya je Garwa ya samo ɗan littafin kiwo na Faransanci, ya karanta shi sau biyu, ya ja layi da jan biro. Littafin ya ce zakara ɗaya ya isa, kuma duk tsuntsun da gashinsa ya tashi a raba shi da sauran.

Ya yi aikin da tsabta, wannan ba mai ƙwace masa. Ya ba kowane zakara ruwa, ya kai shi bayan rumbu inda sauran ba za su gani ba, ya yi bismillah, yanka ɗaya. 'Yan tsakin da ciwo ya ci ƙarfinsu ya gama da su cikin ƙiftawar ido, don ba ya son ganin abu yana wahala. Sai da ya kamo zakaran ƙarshe, wani tsoho mai gashi a murɗe kamar an juya masa riga, sannan matarsa Dada Jebba ta fito daga madafa da muciya a hannu.

"Direkta, sake wannan."

"Dubi gashinsa. Ciwo ya gama da shi."

"Ba ciwo ba ne, fingi ne. Haka Allah ya yi shi. Jinin wanda mahaifiyata ta ba ni ne ranar da aka kawo ni gidan nan. Ba a raba gida da fingi. Shi ke tone duk abin da ya so ya kwanta a ƙasar gida."

Direkta ya dube ta ta saman gilashi, irin kallon da yake yi wa uban da ya zo neman a ƙara wa ɗansa maki.

"Ke Jebba, ƙaramin yaro ɗan aji biyu ba zai faɗi wannan magana a gabana ba. Kaza mai gadi! Gobe kuma akuya za ta yi limanci. Koma ga tuwonki kada ya ƙone."

Ya yanka shi. Ya kira autarsu Astajam, wadda ta zo hutu daga makarantar ungozoma, ya miƙa mata kwandon matattun 'yan tsaki da fingin a sama, ya ce mai ciwo ba a cinsa, ta binne su a ramin da ya haƙa gindin katanga. Uwar ta ce magariba ta kawo kai, a bari sai safe. Ya ce ƙwayar cuta ba ta san magariba ba.

Astajam ta tafi, ta daɗe. Ladan ya fara kiran salla. A tsakiyar kiran, sai wani dutse ya faɗo kan kwanon rufi da ƙara, ya gangaro ya tsaya a gaban takalmin Direkta. Ya ɗauka. Dutsen da ɗumi, kamar daga murhu aka zaro shi.

'Ya'yan maƙwabta, ya ce a ransa, tarbiyyar zamani. Ya zaga bayan gida da sanda, bai ga ko kare ba. Washegari ya rubuta wa mai unguwa takarda shafi biyu, ya nemi a kamo masu laifi a hukunta su a gabansa. Mai unguwa ya sa mutum uku su tsaya a lungu da yamma. Duwatsun suka sauko duk da haka, su ukun kuma suka rantse daga cikin gidan suke tashi. Direkta ya ce dama bai sa ran hankali daga mutanen da ba su iya sa hannu a takarda ba.

A yamma ta uku aka fara jin kukan 'yan tsaki. Ba daga akurki ba, daga ƙarƙashin ƙasa, gindin katanga, siriri, ba ya yankewa. Kajin da suka rage suka ƙi shiga akurki, suka hau bishiyar darbejiya suka yi tsit. Farin zakaran da Direkta ya zaɓa ya bari bai yi cara ko sau ɗaya ba tun ranar yanka. Astajam ta daina cin abinci. Tana zaune a bakin ƙofa, idonta a kan katanga, wuyanta a karkace. Da aka idar da sallar magariba ta miƙe, ta tako har gaban ubanta, ta buɗe baki, murya ta fito wadda ba tata ba, mai kauri, ta tsoho.

"Hamajoda. Sannu da aiki."

Tun da aka haife ta ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ya ce zazzaɓi ne ya hau mata kai, ya sa aka kai ta asibiti a kan babur. Aka auna jini ba a sami komai ba. Da suka dawo ba ta iya tsayuwa, ruwa ma ba ya wuce maƙogwaronta. Dada Jebba ba ta nemi izininsa ba, ta yafa zane ta tafi ta ɗauko malamin unguwa, Modibbo Sali.

Direkta bai taɓa ɗaukar Modibbo Sali a bakin komai ba. Ɗan tsoho ne siriri, mai tsohuwar riga, wanda ba ya jin kalma ɗaya ta Faransanci. Ya shigo la'asar sakaliya, ya gaisa, ya zauna a kan buzu kusa da tabarmar yarinyar, ya ɗora hannu a gefen kanta, ya fara karatu. Bai ɗaga murya ba. Inuwa ta yi tsawo a tsakar gida, ta haɗe, haske ya koma ja. Karatun yana tafiya, jikin Astajam ya fara rawa, dugaduganta suna kartar ƙasa. Can ta yi wata dariya a hankali.

"Ya isa, Modibbo. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai? Me ya kawo ka?"

"Maƙwabci ne. Shekara ashirin ina bayan katangar nan ina son inuwar rumbun nan. Duk inda na kwanta, da safe wannan mummunan zakaran ya zo ya tone ni. Shi da ubansa da kakansa. Sai ga mai ilimi ya yanka mini shi, har ya aiko 'yarsa ta kawo mini gawar da magariba. In ƙi shigowa? Ai rashin kunya ne."

Modibbo ya ce, "Ƙaryarku ta fi gaskiyarku yawa. Ko ma mene ne, yarinyar ba ta yi maka komai ba. Fita."

Nan Direkta ya miƙe. Tsoro na cikinsa, amma fushi ya fi shi tsayi.

"Dakata, Modibbo. Ba zai fita haka kawai ba. Kai, ko wane ne kai, ka shigo gidan mutum ba sallama, ka fasa mini rufi, ka zubar mini da mutunci a unguwa, ka kama ɗaliba ana saura mako biyu a koma makaranta. Sai ka amsa laifinka, ka ba da haƙuri a gaban shaidu!"

Kan yarinyar ya juyo wajensa sannu-sannu.

"Rubuta takarda, Direkta. Shafi biyu. Sai dai ban san inda za ka kai ba."

"Zauna," in ji Modibbo, bai ko dube shi ba. Direkta ya zauna. Rabon da wani ya faɗa masa wannan kalma tun yana ɗan makaranta.

Aka shiga ciniki. Aljanin ya nemi jinin baƙin zakara, Modibbo ya ce ba a yanka wa kowa sai Allah, ya ci gaba da karatu har muryar ta yi ƙara. Ya nemi a bar masa rumbu, Modibbo ya ce ko tsinke ba zai samu ba. Ya ce to mai gidan ya durƙusa ya roƙe shi, Modibbo ya ce ɗan Adam ba ya durƙusa wa irinsa.

"To ya durƙusa wa tsohuwar. Zakaranta ne, ta ce ya sake, ya yanka. Shekara ashirin ina jin muryar mutumin nan ta kan katanga, kowa jaki ne sai shi. Ina so in ga gwiwarsa a ƙasa sau ɗaya. In na gani, na rantse da wanda ya saukar da abin da kake karantawa, na tafi."

Modibbo ya juyo wajen mai gidan.

"Direkta, ba don shi ba. Wannan haƙƙi ne a kanka ko da babu aljani a duniya."

Direkta ya dubi ƙofar gida. Matan unguwa sun cika zaure, har da mutum ukun nan na mai unguwa suna leƙe ta kan katanga. Rabinsu shi ya koya musu karatu, da bulala. Ya buɗe baki zai ce a kore su, sai ya ji numfashin Astajam ya canza. Yana fita da ƙyar, da wani ɗan sauti, leɓenta ya yi fari, wuyanta na ƙara lanƙwashewa baya. Ya san wannan lanƙwasa. Ya gan ta a jikin 'yan tsaki kafin ya gama da su.

Gwiwoyinsa suka yi ƙara da suka taɓa ƙasa.

"Jebba, ki yafe mini."

Dada Jebba na tsaye, hannunta a naɗe cikin zane. Ta dube shi daga sama, ba ta yi sauri ba.

"Ɗaga murya, Direkta. Na baya ba su ji ba."

"Ki yafe mini! Zakaranki ne. Kin faɗa mini, na raina ki."

"Na yafe."

Dariyar aljanin ta cika tsakar gidan, doguwa, mai ƙoshi, ta yi ta sirancewa kamar mai ita yana nisa. Modibbo ya kama babban yatsan ƙafar yarinyar na hagu yana karatu da ƙarfi. Ƙafar ta miƙe, ta yi rawa, ta saki. Kukan da ke gindin katanga ya ɗauke. Astajam ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido, ta nemi ruwa, ta shanye moɗa guda ba ta sauke ba.

Sai da ta goge baki sannan ta lura da ubanta a durƙushe cikin ƙasa, farar rigarsa duk kashin kaji, gilashinsa ya zame zuwa kan hanci.

"Baba, me ya faɗi? Kawo in nemo maka."

Direkta Hamajoda ya gyara gilashinsa. Ya yunƙura zai tashi, gwiwoyin suka ƙi. A duk taron nan ba wanda ya motsa, sai yarinyar ce ta rarrafo daga kan tabarma ta ba shi kafaɗarta.