Gyaran Goyo a Dutsen Kufena

Rauda ba ta yarda magariba ta same ta a waje da goyo. Amma ranar hasken yamma ya kwanta a kan Dutsen Kufena gwanin kyau, ita kuwa ɗaukar hoton duwatsu da tsuntsaye ce sana'arta. Ta ce hoto ɗaya kawai, sai ta koma Tudun Wada. Jaririnta Suhaibu na barci a bayanta.

Ta hau dutsen. Tana saita kyamara, tsuntsaye suka yi tsit.

"'Yar nan, goyonki ya sassauta. Juya in gyara miki."

Wata tsohuwa ce a gefenta, lulluɓe da farin zane. Rauda ba ta ji sallama ba, ba ta ji taku a tsakuwa ba. To amma wace uwa ce za ta ƙi a gyara mata goyo? Ta ba da baya, ta duƙa, ta kwance majanyi.

"A hankali, Inna, barci yake."

Hannun tsohuwar sanyi ƙalau. Ta ɗaga yaron, ta mayar, ta ce, "Ɗaure."

Rauda ta ɗaure, ta waiga za ta yi godiya, ba kowa. Ta suri kyamararta ta fara gangarowa, bakinta na addu'a. Goyon sai ƙara nauyi yake, babu ɗumi, babu numfashi a bayan wuyanta.

Ta kusa ƙasa sai ta jiyo kuka daga can ƙolin dutsen, kukan da ko a cikin dubu za ta gane. Ta tsaya cak. Ƙananan ƙafafun da ke ƙugunta suka ƙara matse ta.