Harsashi Mai Araha

Ranar Asabar da hantsi bindigar Turki ta fashe a hannunsa, can cikin daji bayan iyakar Haramin Makka, inda shi da abokansa ke zuwa harbin gwangwani da sunan farauta. Kafin azahar tana kwance a kan dardumar majalisin gidansu da ke titin Mansur, ta dare kamar karan dawa. Turki na zaune kusa da ita, yatsunsa biyu na dama a naɗe da bandeji. A asibiti ya ce musu jak ɗin mota ne ya faɗo masa, suka rubuta haka.

Mahaifiyarsa Fatsuma ce ta aika aka kira ƙaninta Mukhtaru. Shi mai gyaran agogo ne a zamanin da kowa ke duba lokaci a waya, saboda haka duk Makka ba wanda ya kai shi yawan lokaci. Ya shigo da gilashinsa na ido ɗaya da ɗan sikelinsa a aljihu, don tun ranar da aka sace masa su a shago yake yawo da su kamar laya.

"Ya khali, dubi nan," in ji Turki ga kawun nasa, ya turo masa kwalin harsashi da hannun hagu. "Ni da kaina na saye shi da lasisina wancan watan. Na kamfani ne. Yau ƙanena Rakan ya duba, ya ce an musanya na ciki da na haɗin gida."

"Wa kake zargi?"

"Mahadi. Shi ke ɗaukar kwalayen zuwa mota, shi ke tsince kwanson da muka harba. Bayan la'asar zan kira shurɗa, khalas."

Mahadi na tsaye a bakin ƙofa, hularsa a hannu. Shekara ashirin da huɗu ke nan da ya zo hajji daga Tasawa, har yau bai gama ban kwana ba. Shi ne direban gidan kuma ɗan aikensa, ba shi da takardar zama. Kowa a ɗakin ya san in 'yan sanda suka shigo, takarda za su fara tambayarsa kafin bindiga, kuma daga nan sai jirgi. Matarsa Hure da 'ya'yansu mata uku sai su ji labari.

Mukhtaru ya dubi agogon hannunsa, wanda shi kaɗai ne ke tafiya daidai a cikin duk waɗanda ya gyara. Saura awa uku da 'yan mintoci.

Ya manna gilashi a ido, ya ɗauki harsashi ɗaya daga cikin sha uku da suka rage. Kwanson na ƙyalli fiye da sabo, amma a gindinsa akwai ƙananan zane na wanda ya taɓa shiga bindiga ya fito. Ya kai shi hanci. A ƙarƙashin warin ƙarfe akwai ɗan tsami-tsami.

"Tsamiya," ya ce. "Da ita aka wanke shi, yadda Yaya ke wanke butar gahawarta."

"To ni ce ke nan," in ji Fatsuma daga bayan labule.

"Ban cire ki ba tukuna. Ina makullin kabad ɗin da ake ajiye harsashin yake zama?"

"A ɗakina, a ƙusa, bayan kalanda."

"Wa ya sani?"

"Ba kowa. 'Yan gida ne kawai."

'Yan gida a wurin Fatsuma sun kai mutum arba'in. Mukhtaru ya sa Turki ya ɗauko ragowar wani tsohon kwali na bara, ya ɗora guda ɗaya a sikeli, ya riƙe nauyin a kansa. Sannan ya auna sha ukun nan ɗaya bayan ɗaya. Ya sake aunawa. Ya tashi ya je taga, ya dawo, ya zauna, ya sake tashi.

"Me ka gani?" in ji Turki.

"Na ga ka ba ni zuwa la'asar."

Ya ja Mahadi zuwa soro.

"Kwanson da kake tsincewa, ina kake kai su?"

"Na ba wanda ya roƙa, Alhaji."

"Wa?"

Mahadi ya juya hularsa sau biyu. "Ba zan iya faɗa ba."

"Za a sa ka a jirgi, Mahadi."

"Na sani. Amma bakin da ya ci, shi ke jin kunya."

"Ka taɓa buɗe kabad ɗin?"

"Wallahi ko ƙurarsa ba na gogewa sai Turki na tsaye."

Mukhtaru ya dubi hannuwan Mahadi. Suna rawa, kuma ba yau suka fara ba, shekara uku ke nan Mahadi ba ya iya zuba shayi sai rabi ya tafi faranti. Wanda ya mayar da bakin kwanson nan ya matse shi daidai, hannunsa ba ya rawa. Ga shi kuma ɗaki ɗaya suke ciki su biyar a ɗan abin da rusau ya bari na unguwar Nakkasa, inda ko allura ka ɓoye sai maƙwabci ya zo aro.

Na biyu shi ne Rakan, ƙanin Turki, injiniya a wani kamfanin lantarki, mai jin Hausa sarai amma sai an matsa masa yake mayarwa da ita. Mukhtaru ya same shi a mota yana shan sanyin na'ura.

"Kai ka gane na haɗi ne. A ina ka koya?"

"A waya, ya khali. Kowa na gani."

"Ka taɓa haɗawa?"

"Ni? Haramun ne a doka, kuma ina son yatsuna. Daga kwalin nan na harba uku yau da safe kafin Turki. Kafaɗata har yanzu ciwo take, dukansu ya fi na kullum."

Ya janye wuyan rigarsa. Wurin ya yi ja. Mukhtaru ya yarda cewa ko injiniya ba ya kai wautarsa can.

"Amma ka yi maganar a gida."

Rakan ya sosa gemu. "Sau ɗaya, da ƙaramar salla. Turki na kukan tsada, wai harsashi ɗaya riyal tara, ka ja kunama sau ashirin kuɗin cefanen mako ya tafi. Na ce a ƙasashen da aka yarda, mutum na tara kwansonsa ya sake cikawa, ya tashi masa a riyal uku. Lissafi kawai na yi."

"Wa da wa ke wurin?"

"Duk gida. Mijin Maha ma har ya ce in sake faɗa, ya rubuta a bayan kwalin dabino."

Mijin Maha, ƙanwar su Turki, shi ne Idris, mai shagon kayan yaji da turare a bakin titin Mansur. Shi ma yana da bindiga da lasisi, amma Asabar ba ya rufe shago. A gaban shagon nasa ne Hure matar Mahadi ke ajiye tiren ƙuli-ƙuli da yajinta, shekara tara, ba a taɓa karɓar ko riyal ɗaya a hannunta ba. Mukhtaru ya tuna maganar bakin da ya ci. Ya duba agogo. Saura awa ɗaya da rabi.

Ya tafi a ƙafa, cikin ranar da ko kuliyoyin unguwa sun nemi inuwa, yana zagin gwiwarsa yana zagin kansa da bai roƙi Rakan ya kai shi ba. Zargi yake da shi, ba shaida ba. Mutum arba'in sun ji lissafin Rakan, kuma tsamiya ba gidan da babu ita.

"Kawu! Marhaba, marhaba!" in ji Idris, ya taso da fara'a. Mutum ne mai jiki, mai saurin dariya, wanda duk matan unguwa ke cewa sikelinsa ya fi na kowa albarka. "Yaya hannun Turki? Yanzu nake shirin rufewa in je."

"Da sauƙi. Ba ni kanumfari, rubu'in kilo."

Idris ya ɗebo da cokali, ya zuba a hankali har lambar sikeli ta tsaya cif a ɗari biyu da hamsin. Sannan, yana tambayar lafiyar iyali, yatsunsa uku suka koma buhu suka tsinko kaɗan suka jefa a kai. Ko kallon hannun bai yi ba.

"Masoro ma, giram ɗari."

Lamba ta tsaya a ɗari. Yatsu uku suka sake komawa.

"Idris, don me ka ƙara?"

"Na ƙara?" Ya dubi sikelin, ya yi dariya. "Gyara ce, Kawu. Haka na tarar da babana yana yi, shi ma haka ya taso da ita daga kasuwar Kurmi. Larabawa har mamaki suke. Hannun ne ya saba, ko na hana shi ba ya ji."

"Haka na gani."

Mukhtaru ya zaro harsashi ɗaya daga aljihu, ya ajiye a kan tebur tsakanin kanumfari da masoro. Dariyar ta tsaya a fuskar Idris ba ta san inda za ta ba.

"Sha uku na auna," in ji Mukhtaru. "Duk sha ukun sun fi na kamfani nauyi, wani da kaɗan, wani da ɗan dama. Ko ɗaya bai gaza ba. Abin da ya hana ni zama ke nan tun azahar. Ɓarawo ragewa yake yi. Mai ha'inci in ya samu albarushi mai tsada, tsimi zai yi da shi. Ban taɓa jin macucin da ke ƙara wa wanda ya cuta ba, sai in hannunsa ne ke yi ba da saninsa ba. A gidan Yaya mutum ɗaya ne ke da irin wannan hannun."

Idris ya zauna a kan buhun citta.

"Kayan suna ina?"

Ya nuna ƙofar sito da haɓa. A bayan buhunan kimba akwai ɗan injin matsi a ɗaure da tebur, da roba cike da ruwan tsamiya, kwanso na jiƙe a ciki.

"Wallahi, Kawu, ban yi nufin cutar da shi ba. Na gwada goma a tawa, lafiya lau."

"Taka sabuwa ce. Tasa sa'ar kakanku ce a shekaru. Nawa ka sayi kayan?"

"Riyal dubu huɗu, a ɓoye, wurin wani a Jidda. Rakan ya ce riyal shida ake ragewa a kowane ɗaya."

"Sai ka harba kusan ɗari bakwai kafin kuɗinka ya dawo. Kai da ke fita daji sau huɗu a shekara."

"Bayan na saya na yi wannan lissafin," in ji Idris a hankali. "Na nemi in sayar da nawa, ba mai so. Kowa na kamfani yake nema. Sai na ce to, in ɗauki na Turki in sayar, in zuba masa nawa, tunda duk gwangwani ake harbi. Ranar da aka yi walima a gidan na ɗauki makullin."

"Kana ji za a kira wa Mahadi shurɗa?"

Idris ya ɗago da sauri. "Mahadi? Ba wanda ya gaya mini!"

"Ba zai gaya maka ba. Ya zaɓi jirgi a kan ya ambaci sunanka, saboda tiren Hure. Rufe shagon. Kuma da motarka za mu koma, gwiwata ta gama nata aikin."

Ana kiran la'asar suka shiga majalisi. Turki na riƙe da waya a hannun hagu. Idris bai zauna ba, ya faɗi komai a tsaye, idonsa a kan bindigar da ta dare. Da ya kai kan maganar gyara, Rakan ya rufe fuska da tafin hannu.

"Gyara?" in ji Turki. "A albarushi? Yatsuna biyu, ya Idris! Ka ɗauka barkono ne?"

Ya ɗaga wayar. Fatsuma ta yaye labule ta fito, abin da ba ta yi in akwai suruki a ɗaki.

"Kira mana," ta ce. "Ka ce su zo su tafi da mijin ƙanwarka. In sun zo kuma ka yi musu bayanin jak ɗin motar da ka ce ya faɗo maka."

Turki ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya kife ta a kan darduma. Aka yanke cewa injin zai tafi wurin masu narka ƙarfe a guntu-guntu, albarushin a jiƙa shi, Idris ya biya bindiga da asibiti, ya kuma miƙa wa Fatsuma makullin tasa bindigar har sai ta ga dama. Rakan ya fara lissafa abin da harsashi ɗaya ya tashi wa Idris a ƙarshe, ya kai riyal ɗari uku da wani abu, uwarsa ta ce lissafinsa ne ya kawo su nan.

Turki ya tashi ya je bakin ƙofa inda Mahadi ke tsaye tun azahar.

"Baba Mahadi, ka yafe ni."

Rabon da ya kira shi Baba tun yana makarantar firamare. Mahadi ya mayar da hularsa kai. "Ba komai. A kawo shayi?"

"Zauna. Rakan zai kawo."

Mukhtaru ya tattara gilashinsa da sikelinsa. A soro Idris ya biyo shi da ƙunshin kanumfari da masoron da ya manta a mota, ya ce ya bar kuɗin. Mukhtaru ya ƙi. Ya biya daidai, sannan ya kwance ƙunshin, ya sa yatsu uku ya tsinko kaɗan, ya zuba wa Idris a tafin hannu.

"Riƙe gyararka," ya ce. "Na ga abin da take yi wa mutane."