Kundi Mai Lamba 412

Sufeto bai iya zaman shiru ba, ga shi an kira shi ɗakin karatun jami'a, inda tari ma laifi ne. Tun shigowarsa yake ƙyasta biro, ɗalibai suna hararar sa.

Gobe za a buɗe sabon tsarin da ya ɗora tsofaffin kundayen digiri a intanet. Yau da safe aka nemi kundi mai lamba 412 aka rasa.

Farfesa, shugaban ɗakin karatun, ya riga ya yanke hukunci. "Makullin ɗakin kundaye yana hannun Uwar Kati. Takardar korarta na kan teburina, ƙarfe biyu zan sa hannu."

Uwar Kati ce mai jera kundaye da ɗaukar hotonsu. Shekara talatin da ɗaya tana wurin, saura mata wata biyu ta yi ritaya. Ta dubi Sufeto.

"Ranka ya daɗe, ko fensir ban taɓa fita da shi ba."

Sufeto ya duba agogo, sha ɗaya saura. Ya je wajen mai gadi.

"Ƙofar nan tana ƙara in an fita da littafi?"

"Har cikin kwanya, Yallaɓai. Sati guda ba ta yi ba."

Ashe kundin bai bar ginin ba. Sufeto ya ja akwatin katunan sunayen kundaye, waɗanda aka daina amfani da su. Daga 411 sai 413. Ba yaga katin 412 aka yi ba, an kwance ƙarfen da ya ratsa su, an zare shi, an mayar tsaf. Wannan aikin ɗan gida ne.

Ya koma wajen Uwar Kati. "Me ya sa ba a ɗauki hoton kantar da 412 yake da wuri ba?"

"Sau uku Farfesa yana mayar da ita ƙarshen layi." Ta sunkuyar da kai. "Amma na yi laifi. Na ga gara ta fara cin 412, sai na ɗauke shi a hoto tun watan jiya, ban gaya wa kowa ba."

Sufeto ya daina ƙyasta biro.

Ƙarfe ɗaya da rabi ya shiga ofishin Farfesa, Uwar Kati na biye.

"Farfesa, ka san kundin nan?"

"Ban taɓa buɗe shi ba."

"An ce sabuwar na'urarku tana kama mai satar rubutu. A nuna mini, ni ɗan ƙauye ne."

Farfesa ya yi murmushi, don shi ya yi ta faɗa har aka sayo ta. Uwar Kati ta ɗora hoton 412. Murmushin ya ɗauke. Allon na'urar ya yi ja, alamar satar rubutu, shafi bayan shafi, kuma kusa da kowane shafi ga sunan littafin da Farfesa ya wallafa, wanda ya ba shi kujerarsa.

"Mai kundin ya riga ka da shekara shida," in ji Sufeto. "Ina yake yanzu?"

"Ya rasu." Farfesa ya kau da kai daga allon. "Malamin sakandare ne. Na ɗauka babu wanda zai ƙara buɗe shi har abada."

"Ina kundin?"

"Bene na uku, cikin rahotannin noma. Littafin da aka sa a kantar da ba tasa ba ya ɓata ke nan. Na yi niyyar ƙona shi, wallahi na kasa."

"Amma ba ka kasa korar baiwar Allah nan ba."

Sufeto ya leƙa waje ya yi kira. 'Yan sanda biyu suka shigo, suka sa Farfesa a tsakiya, suka ratsa zauren karatu, ɗalibai suna ɗaga kai ɗaya bayan ɗaya.

Uwar Kati ba ta bi su da kallo ba. Ta hau bene ta sauko da kundin, ta share masa ƙura da gefen mayafinta. Sannan ta ɗauko sabon kati, ta rubuta sunan malamin sakandaren da manyan baƙaƙe, ta sa shi tsakanin 411 da 413.